Wai me ake yi ne a sansanin Ramstein na Jamus?

Mai_Tambaya:
Salam 'yan uwa, don Allah masu bibiyar harkar soja ku fitar da ni duhu. Duk sanda wata rigima ta ɓarke sai na ji sunan Ramstein a labarai, lokacin kwashe mutane daga Kabul Ramstein, taron masu ba Yukiren makamai ma Ramstein, to ni abin da ya ɗaure min kai an ce na Amurka ne amma kuma a Jamus yake. Ya aka yi haka? Kuma jiragen yaƙi ne ke tashi daga can ko me?

Tsohon_Dalibi:
Wa'alaikumus salam. Tushen abin yaƙin duniya na biyu ne ɗan uwa. Bayan an ci Jamus da yaƙi an raba ta tsakanin Amurka da Birtaniya da Faransa da Tarayyar Sobiyet, yankin da Ramstein yake, kusa da garin Kaiserslautern, a hannun Faransa ya faɗo. Da aka shiga yaƙin cacar baki sai aka fara ginin a 1951, zuwa 1953 an gama buɗe shi, Amurkawa suka zauna har yau. A 1973 suka dawo da hedikwatar sojin samansu na Turai can, yanzu kuma har ɓangaren Afirka a ƙarƙashinta yake, ga hedikwatar sojin sama ta NATO duk a wuri ɗaya.

Da can kam jiragen yaƙi ne a wurin, har F-16, amma a 1994 aka kwashe su zuwa Aviano a Italiya aka maye gurbinsu da C-130 na dakon kaya. Abin da ya ƙara masa girma shi ne rufe sansanin Rhein-Main na Frankfurt a 2005, wanda shi ne tsohuwar ƙofar Amurka ta shiga Turai, daga can aka riƙa yi wa Berlin jigilar abinci da kwal a 1948 da 1949. Da aka rufe shi yawancin aikin Ramstein ya gada.

Su Jamusawa in ka ce Ramstein abin da ke fara faɗo musu a rai shi ne 28 ga Agusta 1988, ranar da jiragen Italiya guda 3 suka yi karo a wajen wasan nuna bajinta ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka mutu.

Injiniya_Sama:
Malam ya yi bayani, bari in ɗora ta ɓangaren aikin don nan ne mutane ba su ganewa. Ka ɗauke shi kamar babbar tashar tireloli, yawancin manyan jiragen da za ka gani a fake ba 'yan gida ba ne, C-17 da C-5 daga Amurka suke zuwa su sauke su sha mai matuƙa su yi barci ko a canza wasu sannan a wuce Gabas ta Tsakiya, 'yan gidan su ne C-130J waɗanda ke ɗibar kayan kaɗan-kaɗan suna kaiwa ƙananan filaye a Turai da Afirka, don shi C-130 ko titin ƙasa ne in ya daddale zai sauka.

Kuma ba wai watsa kaya ake yi a ciki ba. Akwai wani faifan alminiyom mai faɗi da ake jera kaya a kai a lulluɓe da raga a ɗaure tamau a auna, kowane ɗaya yana ɗaukar wajen tan 4 da rabi, ƙasan jirgin kuma akwai ƙananan tayoyi a jere, da an ɗora faifan mutum biyu ko uku sai su tura shi ya zarce ciki a kulle shi ta gefe. Doguwar C-130J na cin 8, C-17 na cin 18, C-5 kuwa 36. Mai kula da lodi shi ke lissafin wanne zai zauna gaba wanne baya, in nauyi ya rinjayi wutsiya ko hanci jirgi ba zai tashi daidai ba, shi ya sa ko matuƙi ba ya yi masa gardama a kan wannan.

In za su dawo kuma ba fanko suke dawowa ba. Lokacin yaƙin Iraƙi da Afganistan a cikin jirgin ake kafa ƙarafa a jera gadajen ɗaukar majinyata hawa-hawa, suna sauka motocin asibiti na jira a bakin jirgi, sai asibitin sojoji na Landstuhl wanda ba shi da nisa.

Yar_Gaskiya:
Yaya Injiniya ka yi ƙoƙari amma ka wanke su da yawa, sai ka ce buhunan shinkafa kawai suke dako. Ai ta Ramstein ake bi da saƙon sarrafa jirage marasa matuƙa, mai tuƙin yana zaune a Amurka, saƙon ya biyo waya ta ƙarƙashin teku zuwa can sannan a harba shi ta tauraron ɗan adam. Har wasu 'yan Yemen da aka kashe musu dangi sun kai gwamnatin Jamus kotu a kan haka, kuma Jamusawa da kansu suna zuwa bakin ƙofar yin zanga-zanga.

Mai_Tambaya:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To mutanen Kabul ɗin fa, a ina aka zuba su tunda ba otal ba ne?

Injiniya_Sama:
Ƙanwata ban musa ba, ni ɓangaren dako aka tambaya na amsa. Na Kabul kuma tantuna aka kakkafa a filin da jirage ke fakawa, wasu aka sa su cikin manyan rumfunan gyaran jirgi, mutum sama da 30,000 suka bi ta wurin a 2021. Yawancinsu ma ba kai tsaye daga Kabul suka zo ba, sai da aka fara sauke su a Katar da wasu ƙasashen yankin, a Ramstein aka ɗauki hoton yatsunsu aka tantance su kafin a sa su jirgin Amurka.