Binciken wane ne ya samar da maganin cutar karkarwa?

Mai tambaya, Garwa: Assalamu alaikum. Likita ya rubuta wa mahaifina levodopa saboda cutar karkarwa ta Fakinsin. Don Allah, binciken wane ne ya samar da shi?

Malamar jinya, Marwa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tushen aikin na Arvid Carlsson ne, masani ɗan ƙasar Suwidin, wanda a 1957 ya nuna cewa zomayen da wani magani ya sandarar sun sake motsi da aka ba su levodopa, domin ƙwaƙwalwa tana mayar da shi dofamin, sinadarin da ke ƙaranci a wannan cuta. Ya sami kyautar Nobel a 2000.

Ɗalibi, Injamena: Gaskiya ne, Malama, sai dai alamomin cutar kawai maganin yake ragewa, ba ya hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ci gaba da mutuwa. Kada Baba ya daina sha sai da izinin likita. Allah ya ba shi lafiya.