Wanda ya taɓa fama da ɗan gida mai shan ƙwaya, ya kuka yi?

Wata yaya daga Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina ne, da kodin ya fara yanzu ya koma ƙwayoyin tiramol da roci, shekaran jiya har wayar Hajiyarmu ya ɗauke ya sayar. Baffanmu ya dage sai a kai shi gidan mari, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Don Allah wanda abin ya taɓa shiga gidansu ya faɗa mana gaskiya.

Ɗan Rigasa: Yaya gidan mari dai kar ku soma. A unguwarmu 'yan sanda suka fasa wani gida a Satumbar 2019 aka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa bayansu duk shatin bulala, ba a jima ba aka sake gano irinsa a Daura. Iyaye ne fa suka kai su da hannunsu, har kuɗi suna biya.

Wata nas: Abin da mutane ba su gane ba, jikin mai shan tiramol ya riga ya saba, in ka ɗaure shi ka yanke masa lokaci guda sai gumi da amai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ya sa da an kwance shi yake komawa a guje. Na asibiti 50mg ne ko 100mg, na bayan layi kuwa har 225mg, shi ke sa yaro ya faɗi yana jijjiga a ce aljanu ne. Ku kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, akwai Dawanau a Kano, akwai Barnawa a Kaduna, akwai Kware a Sakkwato. Ba sai wanda ya fara jifa ake kaiwa ba wallahi.

Wani uba: Ni na kai nawa asibiti kuma Alhamdulillah ya dawo fes har ƙiba ya yi. Sai ga kamfen ɗin 2023, aka zo majalisarsu da mota ana raba dubu bibbiyu da abin da ba sai na faɗa ba, a bi ɗan takara ana ihu, kafin a gama zaɓe yaro ya koma ruwa, mu da muka sayar da akuyoyi muka biya magani ko sannu babu wanda ya ce mana. Yanzu yana wajen ƙanina a kasuwar Kwari yana ɗaukar dila, safe ya fita sai magariba, da sauƙi dai amma ban daina duba idonsa ba.

Tsohon mashayi: Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018 bayan rahoton BBC, mu ba dainawa muka yi ba, kwalba ce ta yi tsada muka koma ƙwaya, marasa kuɗi suka koma sholisho. Ni abin da ya fi ci min rai bayan na bari, duk abin da ya ɓata a gida ni ne, na je neman aure aka ce ai ɗan ƙwaya ne. Yayata kaɗai ke aikena da kuɗi kasuwa ba ta ƙirga canji a gabana.

Wata daga Zariya: Kuna ta maganar maza, mu tamu mace ce, matar aure da yara biyu, a gidan biki ƙawaye suka koya mata ana zubawa a lemo. Mijin bai sani ba har yanzu kuma muna tsoron saki. Anti nas don Allah ana kwantar da mata su ma, ko za a iya duba ta ta dinga zuwa daga gida?