Ɓoye akwatin wasan GPS a filin jama'a: wa ke ba da izini, kuma ya dace a sa talla a ciki?

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, kuma na daɗe ina neman hanyar da ɗalibaina za su fahimci layukan taswira da ƙafafunsu, ba a kan allo kaɗai ba. A cikin wannan nema na ci karo da wasan da ake kira jiyokashin, inda mutum zai ɓoye ɗan akwati mai ɗauke da littafin sa hannu da 'yan kyaututtuka, ya wallafa a intanet lambobin da ke nuna wurin a taswira, wasu kuma su bi GPS na wayarsu, wato tsarin da ke nuna wa mutum inda yake, har su gano shi, su sa hannu, su mayar da shi yadda suka tarar. Na gwada a harabar makaranta da gwangwanayen madara uku. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a ajina ba shi ya fara gano na bayan tankin ruwa, da wayar aro a hannunsa, kuma tun ranar yake bina da tambayoyi.

Yanzu ina son mu fita waje: gindin duwatsun Dukku, bakin Matan Fada a Argungu, da kusa da gidan tarihi na Kanta. Wani mai shagon waya ya ce zai saya mana akwatunan, ya sa katin waya a kowanne tare da takardar tallar shagonsa, sannan duk wanda ba ɗalibi ba ya biya naira 500 kafin a ba shi lambobin. Zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na zo neman shawara. Tunda waɗannan wurare na jama'a ne, akwai wanda zan nemi izininsa? Kuma tallar da kuɗin shiga sun dace?

Safiyo, Gusau

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi wannan wasa lokacin da nake karatu a Ingila, don haka bari in faɗi abin da na sani game da ƙa'idojinsa. Asalinsa shi ne a farkon watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka, a zamanin Bill Clinton, ta daina dagula siginar GPS da take yi wa farar hula da gangan, sai kuskuren na'ura ya sauko daga kusan mita 100 zuwa kamar mita 10. Ranar 3 ga watan wani mutum mai suna Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a daji a jihar Oregon domin ya gwada wannan daidaito, ya sanar da lambobinsa. A watan Satumba na shekarar aka buɗe shafin Geocaching.com da ɓoyo 75, yau kuma sun haura miliyan uku a duniya.

Ba a sa ɓoyo a wannan shafi sai wani mai tantancewa na sa-kai ya duba shi. Dole mai ɓoyon ya sami izinin mai wuri ko hukumar da ke kula da wurin. Ba a haƙa rami, ba a binnewa. Tsakanin ɓoyo da ɓoyo sai an sami mita 161. Ba a sa abinci, ko makami, ko ƙwaya. Wanda ya ɗauki kyauta ya ajiye wadda ta kai ta daraja ko ta fi ta. Ana guje wa barikin soja, da layin dogo, da makarantu, kuma ka san akwai bariki a Dukku, saboda haka wannan gefen ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Game da talla kuwa, ƙa'idarsu ta hana ɓoyon da manufarsa jawo mutane ga wani kasuwanci, ko wanda sai an sayi wani abu kafin a kai gare shi. Tsarin mai shagon nan ba zai wuce ba.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji, Argungu

Ɗana Malam, Allah ya yi wa ƙoƙarinka albarka. Ni ban san wasan ba sai yau, amma na san ƙasa, kuma a cikin maganarka akwai kalma ɗaya da nake son mu tsaya a kanta, wato "na jama'a". Yaranmu da yawa suna jin wannan kalma kamar an ce "ba na kowa ba", alhali abin da ake nufi shi ne masu haƙƙi a wurin sun yi yawa har ba su ƙirguwa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana, ta bar wa ƙananan hukumomi kula da filayen karkara. Tun kafin wannan doka kuma muna da hurumi, da burtali, da makiyaya, da mashaya, da maƙabarta, da filin Idi, kowanne da mai tsaronsa da abin da aka hana yi a cikinsa. Hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Tarayya ke nan, kuma abokin tarayya ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Ɗauki Matan Fada da ka ambata. Wurin da ake bikin kamun kifi ne tun 1934, bikin da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Sarkin Ruwa ke kula da shi, kuma ba a su a wurin sai lokacin biki, domin kifi ya samu ya hayayyafa. Mutanen da suka iya hana kansu kifin da ke gabansu shekara guda ba za su ji daɗi ba idan suka wayi gari baƙi na tattaka bakin gulbi suna laluben saiwoyi ba tare da an gaya musu ba. Gidan tarihi na Kanta kuwa tsohuwar fada ce, kuma akwai kaburburan sarakunan Kabi a ciki. Can ziyara ake zuwa da ladabi, ba a cusa gwangwani a tsagar katangarsa.

Akwai abin da na gani da idona a aikin daji. Idan mutum ɗaya ya ratsa ciyawa zuwa gindin itace, kafin sati ta miƙe. Idan talatin suka bi sawunsa, hanya ta fita, damina ta zo ruwa ya bi ta, shekara biyu sai ka ga zaizaya ta fara cin wurin. Mai nema kuma idan bai gani da wuri ba, sai ya fara ɗaga duwatsu, ya ɓare ɓawon itace, ya zura hannu a kogon da tsuntsu ya yi sheƙa, ko wanda maciji ya kwanta. Wayar ba ta kai shi kan akwatin daidai, da'ira take ba shi, kuma duk abin da ke cikin da'irar nan shi zai sha wahala.

Sai babbar magana, wadda nake roƙon ka da kada ka ɗauke ta da sauƙi. A ƙasarmu, gwangwani a ɓoye da rubutacciyar takarda a ciki sunansa sammu, kuma duk wanda ya tsince shi a gefen gonarsa ba zai yi tunanin darasin taswira ba. Ga kuma halin tsaro da Kebbi da Zamfara suke ciki. Matashi baƙo da ke zagaya bayan gari yana duban waya, yana tsayawa yana duƙawa, 'yan sa-kai za su ɗauke shi mai kai wa 'yan bindiga rahoto ne, kuma kafin ya gama bayani mai afkuwa ta afku. 'Ya'yan mutane ne a hannunka. Ka fara da mai unguwa, shi ya kai ka wurin uban ƙasa, ka sanar da 'yan sanda a rubuce, kuma kowane akwati ya zama roba mai nuna abin da ke ciki, da bayani da Hausa a jikinsa, boko da ajami.

Hajiya Mai Masauki, Yauri

Baba, na yarda da kai a kan izini da tsaro, amma a kan kuɗi ina da ja da Safiyo. Kamfanin da ke da wancan shafi, wanda ke birnin Siyatil, yana karɓar kuɗin shekara daga masu son cikakken amfani da manhajarsa, har akwai ɓoyon da ba ya bayyana sai ga wanda ya biya, alhali masu ɓoyewa da masu tantancewa aikin sa-kai suke yi. To don me ribar kamfanin Amurka za ta zama halal, ta ɗan kasuwar Birnin Kebbi kuma ta zama abin kunya? Malam ba shi da kasafi, kuma akwati da motar ɗalibai ba kyauta ake samun su ba.

Inda nake ganin iyaka shi ne a nan. Mai shago ya taimaka, a gode masa a gaban taro, wannan ba laifi. Mai kwalekwale da ɗan jagora da mai abinci su sami na cefane daga baƙi, wannan ma alheri ne, domin guminsu suka sayar, kamar yadda muke gani a nan lokacin bikin Rigata. Amma naira 500 kafin a ba mutum lambobi, wannan sayar da hanyar shiga wurin da ba naka ba ne, kuma ɗan masunci da aka haifa a bakin gulbin shi zai fara rasa shiga. Katin waya a cikin akwati kuma ina ba ka shawara ka bar shi, Malam. Ranar da yara suka ji akwai kati, nema ya tashi daga ilimi ya koma wawaso, za a fasa akwatin a watsar da littafin, takardun tallar kuma iska ta kwashe su zuwa ruwa.

Safiyo, Gusau

Hajiya, maganarki a kan kamfanin gaskiya ce, kuma su kansu masu wasan sun daɗe suna wannan muhawara. Tsoron da Baba ya ambata ma ba namu kaɗai ba ne: a 2011 an rufe tsakiyar garin Wetherby na Ingila, masu kwance bam suka tarwatsa wani akwati da aka gani ana ajiyewa, ashe na wannan wasa ne. Akwai mafita ga wurare masu alfarma. Tun 2004 ake yin wani nau'i da ba a ajiye komai, sai dai lambobi su kai mutum wurin, ya amsa tambaya a kan dutse ko ƙasar da ya gani. Malam na iya aron wannan dabara ga Matan Fada: ɗalibi ya tsaya inda aka yarda a tsaya, ya bayyana launin ƙasar gaɓa da alamar inda ruwa ya kai a damina. Suna kuma da al'adar fita da buhu a kwashe sharar wurin da aka je, wadda suka fara a 2002. Abu na ƙarshe, wanda ya ajiye akwati shi ke da nauyin duba shi da ɗauke shi idan an gama, in ba haka ba ya zama shara mai lamba.

Malamin Labarin Ƙasa, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Baba, Hajiya da Safiyo, Allah ya saka da alheri. Na cire Dukku. Akwatuna za su tsaya a harabar makaranta da gonar wani mahaifin ɗalibi da ya amince, ni kuma zan riƙa duba su duk ranar Asabar. Argungu za mu je da tambayoyi da buhunan shara, bayan na kai takarda. Na yi magana da mai shagon jiya da yamma, ya yarda ya biya kuɗin mota ba tare da talla ba, ko da yake batun naira 500 bai sake shi da daɗin rai ba. Baba, tunda kai ɗan gari ne, ta wace ƙofa ya kamata in fara, fadar Sarkin Kabi ko sakatariyar ƙaramar hukuma, kuma ya fi kyau in je ni kaɗai ko tare da shugaban makarantarmu?