Ranar da kuka fara jin Fairport Convention

Abban Sadiya: Jama'a, akwai masu sauraron Fairport Convention, ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila, a nan? Ni a wani shagon tsofaffin faya-fayai a Manchester na tsinci faifansu Liege & Lief na 1969. Da na ɗora shi da daddare, gogen Dave Swarbrick ne ya fara ratsa ni, ga ganga da gita mai lantarki suna mara masa baya. Tsofaffin waƙoƙin ƙauyukan Ingila da Sikotlan ne, waɗanda suka daɗe a bakin mutane, suka ɗauko suka hura musu wuta. Ku kuma yaya kuka gamu da su?

Maman Hanifa: Ni muryar mawaƙiyarsu Sandy Denny ce ta kama ni. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, akwai wata baiwar Allah da ba ta barci sai na kunna mata Who Knows Where the Time Goes. Ta daina gane 'ya'yanta, amma waƙar nan tana bin ta baiti-baiti, tana bubbuga ƙarfen gado da yatsa. Da na ji cewa Sandy ta rasu a 1978 tana da shekara 31 kacal, sai da na share hawaye.

Ɗan Zazzau: Allah sarki, Hajiya. Ni kuwa waƙar Matty Groves ce. Matar basarake ta yaudari talaka, mijin ya dawo ya same su, ya ba yaron takobin da ya fi kyau don su gwabza, sannan ya kashe su duka biyu. Ina tuƙi na ji ta, sai da na tsaya a gefen titi don in ji ƙarshen labarin.

Abban Sadiya: Ka san kuwa watanni kaɗan kafin fitowar faifan Liege & Lief motarsu ta yi haɗari a babbar hanyar M1? Makaɗin gangarsu Martin Lamble ya rasu yana ɗan shekara 19.

Kawu Bala: Shi ya sa waƙarsu Meet on the Ledge take da nauyi a wurinsu. Maƙwabcina Bature ya kai ni bikinsu na watan Agusta a ƙauyen Cropredy, kusa da Banbury. Ruwa ya yi mana dukan tsiya, takalmina ya nutse a taɓo. Daren ƙarshe da ita suka rufe, dubban mutane suna rerawa tare a cikin duhu. Wani dattijo da ban sani ba ya dafa kafaɗata yana kuka, ni ma na riƙe hannunsa har aka gama.