Allura, Almakashi da Rumfar Zango

Maɗinkin Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ran Asabar jikana ya ja ni baje kolin aikin hannu a Cibiyar Al'adu ta Kumasi, can wajen Bantama. Na dawo da ciwon ƙafa da magana a ciki. Amsa-amona "ki".

Da sunan Allah na ɗauki alƙalami,
In ba ku labarin abin da na gano a biki.

Mutan Bonwire sun kafa masaƙarsu,
Ƙoshiya na gudu, ƙafa na nata aiki.

Kowace ƙwaryar kente faɗin tafin hannu,
Sai an jona ashirin da 'yan kai ta rufe jiki.

'Yan Ntonso sun zo da hatimin duma,
Kowace alama magana ce, ga ta ba baki.

Matan Krobo sun daka fasasshiyar kwalba,
Sun gasa ta ta zama tsakiya, na riƙe haɓa don mamaki.

Ga kwandunan Bolga, ga batakari, rigar saƙin Daboya,
Shuninsa ya kama, rini ne na kirki.

Sau uku na zaga ina neman Zango,
Ban ga aska takwas ba, na ja dogon tsaki.

Babu baduku, babu mai hular hannu,
Sai wata 'yar gida da wani baƙon ɗinki.

Ta yanka kente ta jona shi da gwanjo,
Ta ɗora wuyan babbar riga a kan siliki.

In wannan ne namu a idon duniya,
To jama'a, motarmu ba ta da birki.

'Yar Asawase:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni ce yarinyar, rumfa ta uku daga bakin ƙofa. Na ga wani dattijo mai farar hula yana ta jujjuya rigar, har na fara lissafin ciniki a zuci. Ban sauya amsa-amo ba, don girmanka.

Baba, sannu da zagaye, ga ni a durƙushe,
Amma a yi mini izini in buɗe baki.

Kenten nan ban sa wa sabo almakashi ba,
Guntaye ne da masaƙi ya jibge a ɗaki.

Gwanjon kuwa daga kasuwar Kantamanto ta Accra yake zuwa,
Dilar abin da Turawa suka tuɓe daga jiki.

Obroni wawu Tonawa suke ce masa,
Kayan mataccen Bature, ji suna don Allah da Ma'aiki.

Wanda bai sayu ba, bola ce makomarsa,
Tafkin Korle ya ƙoshi, teku ma ta haɗiya a ciki.

A Janairun 2025 wuta ta ci kasuwar,
Mai aiko mini da kaya, daga ita sai na jiki.

Da ta farfaɗo, ni ce na fara yi mata ciniki,
Abin da za a zubar na mai da shi kayan biki.

Kwana tara na yi a kan wuyan rigar nan,
Hannu ne zalla, ba ruwan keken ɗinki.

Rumfar Zango kuwa da ka nema ka rasa,
Na bi shaguna da takarda, kowa ya ce yana da aiki.

Har wani shago a Aboabo na yi sallama,
Yaro ya leƙo ya ce maigida ba ya zuwa biki.

Badukun Alabar:
Kai, Alhaji, an kama ka. Ni dai "ki" ta fi ƙarfina, na koma "ya".

Kakanninmu jakai suka koro tun daga Kano,
Suka yada zango a Salaga, goro ne ribar tafiya.

Sun sauke turkuɗi da kanwa da jar fata,
Suka ɗaure huhun goro, suka juya baya.

Wasu ba su juya ba, ga mu nan jikokinsu,
Mun shekara muna ɗinka kube a ƙarƙashin fadar Manhyia.

Ka dubi batakarin yaƙin Sarkin Asante,
Gaba da baya ba ka ganin komai sai laya.

Malam ya rubuta, baduku ya rufe da fata,
Wa zai kira mu baƙi? Da mu aka kafa tsakiya.

Sai dai ba Tonawa suka hana mu rumfa ba,
In za a faɗi, a faɗi gaskiya.

Takalmin da na yi mako ina fama da shi,
Ɗan Zango zai taya shi kuɗin waakye da miya.

Ya gangara kasuwar Kejetia ya sayi na roba,
Ruwa ɗaya ya dake shi, ya yar a kan hanya.

Malamin Tafo:
Ni ma na je da ɗalibaina. Kawu baduku, kukan ba naka kaɗai ba ne.

Daren 6 ga Maris na 1957,
Nkrumah ya yi shelar 'yanci sanye da batakari.

A Disambar 2024 UNESCO ta sa kente
Cikin gadon al'adun duniya, aka yi murna a gari.

Amma leƙa kasuwa ka ga kenten inji,
Bugawa aka yi a yadi, ana kwasa a sari.

Masaƙin da ya kwashe makonni kan zane guda,
Shi ma yana nan zaune, ciniki ya cinye jari.

Na ga masu waya sun ɗau hoto har caji ya ƙare,
Hannu bai shiga aljihu ba suka bar wuri.

Hajiyar Yalwa:
Ni ban iya dogon baiti ba, ga nawa biyu.

Ni dai na sayi tsakiyar Krobo zuwa uku,
Ban ɗau hoto ba, Malam, kar ka sa ni a layi.

'Yar Asawase, rigar nan mai ruwan goro,
In tana nan ki ajiye, amma fa zan yi tayi.

Maɗinkin Aboabo:
Hajiya, abin da ake kuka da shi ke nan. Bari in koma kan 'yata.

Ashe ke ce kika zo da takarda a hannu?
Na zaci masu haraji ne, na shige ɗaki.

Da na juya rigarki, bayanta na duba,
Can ake kama maɗinki, ba a fuskar ɗinki.

Zarenki bai yi ƙulli ba, wannan na yaba,
Amma tambarinki ya karkace kamar leɓen jaki.

Ba a fara tambari da allura, 'yata,
Sai an zana da'irar tukuna, sannan a bi ta da aiki.

Yarana shida ne a da, yau saura ɗaya,
Sauran na kan keke mai ƙafa uku, pragya, daga hon sai taka birki.

Akwai aska takwas da na faro tun azumi,
Shadda ce fara, zaren alharini, ta dace da sarki.

Na gama aljihu, na tsaya a kafaɗa,
Ido ya gaza, kafar allura ta zame mini aiki.

Ki zo ran Alhamis bayan la'asar,
Almakashin nan kuwa, kar ya biyo ki.

'Yar Asawase:

Na ji, Baba, Alhamis ina tafe,
Zan zo da goro fari, ladan koyon aiki.

Amma in mun gama, rumfata za ta baɗi,
Da sunan shagonka a rubuce a jiki.

Kawu baduku, jaka goma nake so,
Jar fata a waje, guntun kente a ciki.

Badukun Alabar:
Wannan ba ta bukatar waƙa. A turo rabin kuɗi ta MoMo tukuna, fata ta yi tsada a majema.

Maɗinkin Aboabo:
Zancen rumfa sai mun gani. Kuma tun yanzu ki gaya wa Hajiya, rigata ba a taya ta.