Neman kalma: me za mu kira "kelp" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wani shirin rediyo a nan Garwa kan masu nutso a teku da halittun da suke gani, sai kalmomi biyu suka tsaya mini. Ta farko na warware ta. Scuba, wato mutum ya goya tukunyar ƙarfe yana shaƙar iska ta tiyo, irin na'urar da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a Faransa a 1943, na sa mata "nutso da tukunyar iska". Da gangan na ƙi cewa oksijin, domin galibi iskar da muke shaƙa ce aka matse a ciki.

Ta biyu ce ta hana ni sakat: kelp. Tsiro ne mai ruwan ƙasa-ƙasa da ke fitowa a kan duwatsun bakin teku inda ruwa ke da sanyi, kamar gaɓar Kalifoniya da ta Kef Tawun. Babban nau'insa yakan wuce mita 30, kuma idan yanayi ya yi masa daɗi yana iya ƙara kusan rabin mita a rana ɗaya. Ko a Kribi da Limbe, garuruwan bakin tekunmu na Kamaru, ba za ka gan shi ba, ruwanmu ya yi masa ɗumi. Ku taimaka.

Wata 'yar'uwa daga Njamena:
Malam, ai gansakuka ce. Dangin dihe ne da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan gefen Tafkin Cadi.

Hajiya, na gode. Amma idan na ce gansakuka, mai saurare zai hango koren nan mai santsi na bakin rijiya. Dihe kuma ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an tace an shanya a rana yake zama abin miya. Wannan kuwa mutum yana ratsawa ta tsakaninsa da tukunya a bayansa, har yakan sarƙe masa ƙafa.

Wani dattijo masunci daga Lagdo:
Ɗana, ka ce kainuwar teku mana.

Baba, Allah ya ƙara girma. Kainuwa dashen Allah ce, iska ke kaɗa ta duk inda ta ga dama. Shi wannan yana da abin riƙo mai kama da saiwa da yake damƙe dutse da shi, ko da yake ba ya tsotsar abinci ta nan. 'Yan ƙulli-ƙulli masu iska a gindin ganyensa ne ke ɗaga shi sama wajen hasken rana.

Wani malamin makaranta daga Marwa:
Malam, raba su biyu. Tsiron ka kira shi doguwar ciyawar teku, wurin da ya yi duhuwa kuma kurmin teku.

Madalla, Malam, na karɓa hannu biyu. Kurmi ya fi daji dacewa, saboda abin da mai nutso ke tararwa ke nan: inuwa, haske na tsiyayowa ta saman ganye, ƙananan kifaye a ɓoye, ƙaguwa manne a jikin kara. A Kalifoniya har karen ruwa yakan naɗe jikinsa da ganyen ya yi barci don kada igiyar ruwa ta tafi da shi. Kuma kurmi ana iya cinye shi, wannan ne ma ya sa nake son mutanenmu su ji labarin. Daga 2014, bayan teku ya ɗumama kuma cuta ta kashe taurarin teku, wato dabbobin ruwa masu siffar tauraro da ke farautar wata halitta mai ƙaya, sai halittar ta yi yawa, arewacin Kalifoniya ya rasa sama da kashi 90 cikin ɗari na kurminsa.

Malamin Marwa:
Ita kuma mai ƙayar, bushiyar teku.

Na rubuta. A shirin zan ƙara da cewa dunƙulalliya ce, bakinta a ƙasa yake, da shi take gwaguyar gindin ciyawar har ta tsinke.