Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: har da sarauta?

Maman Ummi, Agege: 'Yan uwa, wannan karin maganar ta halatta abin da marubutan almara ke yi? An sace ɗan sarki yana jariri, ya tashi gidan maƙeri, amma da ganin tsayinsa da launin idonsa an san jinin sarauta ne. Bayi kuwa kullum gajeru, baƙaƙe, munana. Abin yana ci mini rai, don yaranmu ke karantawa.

Alhaji Mai Albasa, Mile 12: Hajiya, ai gado ba karambani ba ne. Kama ba ta ɓuya. Amma magabatan da suka faɗi ta barewa su suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Sun san ɗa kan saki hanyar ubansa.

Anti Nas, Idi-Araba: Alhaji ya kawo mu wurin. Mutum yana da kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, guda 46, 23 daga uba, 23 daga uwa, amma a labaran nan uwa kamar ba ta zuba komai ba. Kuma abu kan kwanta a jini shiru. Iyaye biyu baƙaƙe su haifi zabiya. Mai jinin AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, ya auri mai AS, dukansu garau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Tsayi da launin fata kuwa ƙwayoyin gado masu yawa ke haɗuwa a kansu, tsayi har da abinci. Ɗan sarkin da ya tashi cikin yunwa ba lallai ya kamo ubansa ba.

Alhaji Mai Albasa: To gidajen da ke aure a junansu fa, 'yata?

Anti Nas: Kama takan tsaya, Baba, cuta ma haka. Gidan sarautar Habsburg na Turai sun yi ta auren zumunci, haɓarsu ta fito gaba, har Sarki Charles na II na Sifaniya ya rasu a 1700 da tarin lalura, babu magaji.

Malam Sani, Obalende: Ni ban yarda a jawo barewa cikin maganar jini ba. Ana faɗinta ne in ɗan mahauci ya iya fawa ko ɗan malami ya haddace. Yabo ne ga wanda ya zauna gaban uba ya koya. Yaron da aka sace a zanin goyo, gudun wa ya gani?

Maman Ummi: Malam, a gidanmu har in yarinya ta ɗebo kyan uwarta ana faɗa. Wannan kam ba koya ta yi ba.